Yaya Zan Yi Cefanen Wata Ya Kai Ni Ƙarshen Wata?

Tambaya: Malama, mu bakwai ne a gida, maigida kuma sau ɗaya yake ba ni kuɗin cefane a wata. Kafin ashirin ga wata tumatir ya ruɓe, wake ya yi ƙwari, sabulu da gas sun ƙare. Firij ɗinmu ya zama akwati saboda rashin wuta. Ina mafita? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya sa albarka. Na lura rabin kukanki a kan ajiya yake, abin da kika saya da gumi yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Daga nan za mu fara.

Wake ya fi ba ni takaici, domin asararsa tana da magani mai sauƙi. Ki shanya shi a rana sosai, har sai kin ciza ƙwaya kin ji ta fashe ƙas. Ki samu jarka mai tsabta wadda ta bushe, ki ɗura shi har wuya, ki sa leda a baki ki murɗe murfin tamau. Ƙwaron wake yana buƙatar iska. Idan ya shanye ɗan abin da ya rage a ciki, shi da 'ya'yansa mutuwa suke yi. Sai dai kada ki riƙa buɗewa kullum. Ki ware na sati biyu a wani mazubi daban. Idan buhu kika saya, ki nemi buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aikinsa ɗaya da na jarkar. Don girman Allah kada ki zuba maganin ƙwari a abincin yaranki. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan, guba ce.

Tumatir kuwa lokaci ake bi. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na rani ke fitowa daga Kadawa da Kura a jihar Kano, kwando yana araha. Da damina ta kawo jiki sai ya yi tsada. Idan da hali ki ɗan ƙara saye a lokacin arahar, ki yanka, ki shanya a tabarma mai tsabta a bisa tebur ko rufin ɗaki, ki lulluɓa da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Kauɗar da kika yi da hannunki ta fi ta bakin titi nesa ba kusa ba. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk haka.

Na amfanin yau da gobe kuma, ki saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cike tsakaninsu da yashi mai laima, ki zuba tumatirin a cikin ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa ya janye zafi. Wannan dabara ce ta sa malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Da rani ta fi aiki, da damina sanyinta kaɗan ne. Albasa kada ta kwana a leda, ki baza ta inda iska ke ratsawa.

Gas yana tafiya ne a buɗaɗɗiyar tukunya. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, da ta tafasa ki rage wuta, kuma kada ki kunna sai kin gama yanke-yanke. Sabulun sanda ki yayyanka shi ranar da kika sayo, ki bar shi ya sha iska kwana uku ko huɗu, kada kuma ya kwana cikin ruwa. Garin sabulu ki ajiye masa murfin kwalba ɗaya na awo, yara su daina zubawa da ka.

A watan nan ki fara da jarkar wake da yankan sabulu, tunda ba su buƙatar ko kwabo. Kuɗin kauɗa kuma ki fara zancensa da maigida tun Disamba.