Dakta, ta ina masallacinmu zai fara maganar abinci da motsa jiki?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni ne sakataren kwamitin masallacin unguwarmu a Zariya. Dattawanmu na sahun gaba da yawa hawan jini da ciwon suga sun sa su gaba, wasu a kan kujera suke sallah, wasu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da su. Muna so masallaci ya yi wani abu amma muna tsoron a ce mun kawo boko cikin addini. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Maganar boko ka cire ta daga ranka, ai liman ya fi ni hujja a wannan fagen. Aya ta 31 a Suratul A'arafi ta ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, ga hadisin Tirmizi na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Kuma mun ga yadda abin yake da allurar shan inna, a 2003 aka ƙaurace mata a Kano, ba ta zauna ba sai da malamai da sarakuna suka sa baki, har a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar a Najeriya. Abin da likita zai yi shekara yana faɗa, liman a huɗuba ɗaya zai shigar da shi.

Amma ni da za ku ji tawa, kar ku fara da huɗuba, ku fara da abin da masallacin da kansa yake rabawa. Dubi shan ruwan azumi, kunu an zuba masa suga har ya koma kamar zuma, ƙosai, soyayyen dankali, sai katon-katon na lemon kwalba da wani Alhaji ya kawo sadaka. Robar lemo ɗaya 'yar 50cl akwai suga sama da cokalin shayi goma a ciki, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya wuce kamar cokali 12 a yini gaba ɗaya, toh kaga roba ɗaya ta kusa cinye kason, ba a ma zo kan shayin dare ba. Ku samu Alhajin cikin mutunci ku ce kuɗin lemon a sayo kankana da lemon zaƙi da ruwa, kunun kuma a dama ba suga a ajiye sugan gefe, mai so ya zuba. Haka walimar sauka da ɗaurin aure.

Sai na'urar awon jini. Ku yi karo-karo ku sayi ta hannu mai batir, in akwai nas ko ma'aikacin lafiya cikin masallata ya zauna a shirayi bayan Juma'a yana awo. Mutum ya huta minti biyar kafin a auna. Duk wanda ya kai 140 bisa 90 a sake auna shi wata rana, in ya maimaita a tura shi asibiti, kar kowa ya raba magani a masallaci don Allah. Masu suga da ke shan ƙwaya ko allurar insulin su ga likitansu kafin watan azumi ya kama.

Inda kwamitoci irin naku suke tuntuɓe shi ne mata. Ku maza kuna ta wa'azi a masallaci, ludayi kuwa yana hannun uwargida. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato bai cika cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, a jefa huɗu biyar a tukunya sannan a ƙara gishiri a kai. Ku bi ta malaman Islamiyyar matan aure, a rage magi a hankali a ƙara daddawa, a yawaita zogale, rama, yakuwa da alayyahu. Maƙwabtanku Kiristoci suna da zumuntar mata a coci, wannan tsarin ya zauna musu daram, in za ku haɗa ranar awo da su ma ya yi.

Motsa jiki kuwa minti 150 ake nema a sati, rabin awa kenan sau biyar. Ka tuna Banu Salama da suka so su taso kusa da masallacin Madina Annabi (SAW) ya ce su zauna a gidajensu ana rubuta musu sawunsu. Toh mai hawa mashin zuwa masallacin bayan layi ya ajiye makulli. Bayan Asuba a yi ƙungiya a zaga unguwa da ɗan sauri, yadda za a iya hira amma numfashi ya ɗan hau, matan kuma a buɗe musu harabar Islamiyya. Wanda yake jin ciwon ƙirji ko haki in ya yi tafiya, shi ya fara zuwa asibiti tukuna.