Diyyar gonar da madatsar ruwa ta ci: ta wanda aka rubuta sunansa ce ko ta magada?

Tambaya: Malam, an karɓe gonarmu da fadamar da muke noman rani za a gina dam. An ƙirga itatuwa da amfanin gona, an biya diyya da sunana, domin ni nake nomawa tun rasuwar mahaifinmu. Wani malami ya ce ƙasa ta gwamnati ce, don haka kuɗin nawa ne ni kaɗai. Haka ne? Kuma ya halatta a tashe mu?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, Allah ya musanya muku da mafi alheri. Rabuwa da fadama ba ƙaramin abu ba ne ga manomi.

Hukuma ta karɓi fili domin maslahar jama'a, wannan ya halatta. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1988 ta gindaya sharuɗɗa: a biya diyya nan take, kada ta gaza farashin kasuwa, kuma kada a karɓe a miƙa wa masu zuba jari. Abin da aka tauye muku yana wuyan wanda ya tauye.

Amma kalmar da na tsaya a kanta ita ce "tun rasuwar mahaifinmu". Ke nan ba a raba gado ba. Idan haka ne, kuɗin ba naka ba ne kai kaɗai. Diyyar gero ko albasar da ka shuka da irinka da guminka taka ce, sai in noman gandu kuke yi. Ta mangwaro da ɗorawa da tsamiyar da mahaifinku ya bari kuwa gado ce, haka duk filin da za a ba ku a madadi. Mahaifiyarku tana da tumuni idan tana raye, 'yan'uwanka mata suna da rabonsu ko da suna aure a wani gari.

Maganar malamin nan ban yarda da ita ba. Masu wannan ra'ayi suna jingina da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wani lokaci kuma da faɗar Malikiyya cewa ƙasar da aka ci da yaƙi waƙafi ce. Ita dokar cewa ta yi an danƙa wa gwamna ƙasa amana, ba ta soke gadon gona ba, shi ya sa kullum alƙalai suke raba gonaki. Zancen waƙafi kuma a kan ƙasar da aka tarar ana nomawa yake. Dajin da kakanka ya sare ya raya yana ƙarƙashin hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan wannan babi. To, ko an sallama masa cewa ƙasar ta gwamnati ce, ai kuɗin itatuwa aka ba ka, itace kuwa dukiyar mamaci ce. Ka tambayi kanka: me ya shigar da kai gonar nan in ba kasancewarka ɗansa ba? Da wannan ƙofar ƙannenka mata suka shigo. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a takarda wakilci ne kawai.

Ka tara magada gaban alƙali ko malamin da ya san gado, a raba, a rubuta. Idan ka riga ka taɓa kuɗin, bashi ne a kanka.

Ina jin tsoron abu biyu. Kada ƙarancin diyya ya sa ka ƙara yawan itatuwa a ƙirga. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka ƙarya. Ku bi haƙƙinku a ƙungiyance, ta hannun hakimi da lauya da kotu. A madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoma sun tare hanyoyin aiki a 1980 saboda diyya, suna da gaskiya, amma an zubar da jini mai yawa. Na biyu, kuɗin diyya ba ya daɗewa a hannu. Kada ya tafi a babur ko ƙarin aure. Ku haɗa rabonku in kowa ya yarda, ku sayi wata gonar ko da nesa ce, kafin damina ta kama ku ba inda za ku sa fartanya.

Allah ne mafi sani.