An kama ƙanena yana tuƙi a buge a Niyok: shin hukuncin kotunsu ya hau kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, tare da ƙanena mai tuƙa tasi. Kwanakin baya ya je wani biki ya sha giya, a hanyar dawowa ya daki wata mota da ke ajiye a gefen titi. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. 'Yan sanda sun same shi tsaye a waje shi da abokinsa, suka sa ya hura na'urar gwajin barasa, ta nuna ya wuce ƙa'ida. Yanzu an sa masa ranar kotu. Wasu sun ba da shawarar a sa abokin, tunda bai sha ba, ya ce shi ne ke tuƙin. Wasu sun ce ai doka ce ta waɗanda ba Musulmi ba, a saya masa tikiti ya gudu gida. Shi kuma kullum kuka yake yi, yana tambaya ko hukuncin kotu zai tsaya masa a madadin bulala. Malam, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata, ya kuma karɓi tuban ƙanenka.

Ɗan'uwa, laifi biyu ƙanenka ya yi a daren nan, masu ba ku shawara kuma sun cakuɗa su wuri guda. Ya sha giya, wannan tsakaninsa da Allah ne. Sannan ya hau mota a buge ya shiga titin da jama'a ke bi, wannan tsakaninsa da mutane ne. Kotun Niyok ba ruwanta da na farko, na biyun take tuhumarsa a kai.

Haramcin giya ba wurin jayayya ba ne. Allah ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan a suratul Ma'ida, aya ta 90, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka ma'aunin 0.08 cikin ɗari na barasa a jini, wanda dokar jihar Niyok ta sa wa direbobi, shi ne iyakar halal da haram. Wancan ma'aunin titi ne. A wurinmu kurɓi ɗaya ya isa zunubi. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya sha giya bulala 80 ne haddinsa, ya bugu ko bai bugu ba. A zamanin Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar wajen 40 ake yi, Sayyidina Umar ya shawarci sahabbai ya mayar 80, Malikiyya da Hanafiyya suka tafi a kan haka, Shafi'iyya suka tsaya a 40.

Sai dai haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa. Kai ba ka da ikon tsayar da shi, limamin masallacinku ma haka, kada wani mai zafin kai ya ce a shiga ɗaki a yi masa bulala don a tsarkake shi. Ɗaurin da kotu za ta yi masa ko tarar da za ta ci shi kuwa ba haddin giya ba ne, domin ba don shan aka hukunta shi ba. To ka gaya masa ya kwantar da hankalinsa: gafarar Allah ba ta rataya a kan bulala ba. Inda ba a tsayar da haddi, tuba na gaskiya ya wadatar: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, ya kuma rabu da zaman da ya kai shi ga kwalba. Wahalar da zai sha a shari'ar nan, in ya yi haƙuri, muna fatan ta zama kankarar zunubi, tunda ya tabbata a hadisi cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa da ita.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato maganar "dokarsu ce, ba ta hau kanmu ba". Wannan magana ba ta da tushe. Tun kafin a ƙera mota malamanmu suka hukunta cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka. Suka kuma ce wanda ya bugar da kansa da haram ba a yi masa uzuri a kan ɓarnar da ya yi, ana kama shi da ita kamar mai hankali, don shi ya kore hankalin da hannunsa. In haka ne ga jaki da raƙumi, ina ga ƙarfen da ke gudu a tsakiyar gari? Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma hukuma na da ikon ladabtar da mai karya su, har da cin tara. Wannan shi ne ta'aziri. Hana mashayi tuƙi abu ne da shari'armu ke nema, ko wane ne ya rubuta dokar. Ga kuma alkawari: ranar da ƙanenka ya karɓi lasin ya sa hannu, ya yarda da sharuɗɗansa, Allah kuma ya buɗe suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, bai ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba.

Dubi hukuncin ma da idon adalci. A jihar Niyok, wanda aka samu da wannan laifi karon farko ana cin sa tarar dala 500 zuwa 1,000, ana iya ɗaure shi har shekara guda, a ƙwace lasinsa aƙalla wata 6, a kuma tilasta masa sanya na'ura a motarsa wadda sai ya hura ta, ta tabbatar ba barasa a numfashinsa, kafin injin ya tashi. Wanda ya maimaita cikin shekara 10 ya shiga sahun manyan laifuka, ɗaurinsa na iya kai shekara 4. Wanda kuma ya ɗauki yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka yana buge, babban laifi ne tun karon farko. Wannan dokar ta ƙarshe an yi ta ne a 2009, bayan wata yarinya 'yar shekara 11, Leandra Rosado, ta rasu a motar da wata mata ke tuƙawa a buge a nan birninku. Wallahi ban ga zalunci a nan ba. Ni da na tsaya a kan gawar yaron da mota ta kwashe a bakin kasuwa, na ga mahaifinsa riƙe da takalminsa ƙafa ɗaya ya kasa sakinsa har aka gama sallah, fatana a ce ana tsananta haka a tashoshinmu na gida, inda wani direban ke haɗiye ƙwaya ko ya zuƙi wiwi sannan ya loda mutum goma sha takwas. Hukuncinsu ɗaya da mai giya, domin duk mai bugarwa giya ne.

Shawarar a sa abokin nan ya ce shi ke tuƙin kuwa, ku guje ta kamar wuta. Shaidar zur ce. A hadisin Abu Bakra da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma ya yi shiru, don tausayinsa. Ƙanenka zai fita daga kaba'ira ɗaya ya faɗa wata, ya kuma ja abokinsa ciki. Guduwa gida ita ma warware alkawari ce da tserewa da haƙƙin mai mota, kotu kuma za ta ba da umarnin kamo shi, abin ya bi shi shekaru.

Ɗaukar lauya halal ne, ina ma ba ku shawarar ku ɗauka, ku tambaye shi har abin da shari'ar za ta iya jawowa ga takardun zamansa da lasin tasi. Neman sassauci ba laifi ba ne. Kalmar "ban amsa laifi ba" da ake faɗa a zaman farko, abin da na fahimta a tsarinsu ma'anarta "a kawo hujja", kowa a kotun ya san haka, don haka ban ga ta zama ƙarya ba. Amma in aka rantsar da shi aka tambaye shi wa ke tuƙi, ko dai ya yi shiru inda doka ta ba shi dama, ko ya faɗi gaskiya. Babu ta uku.

Motar da ya daka, gyaranta na wuyansa har sai mai ita ya samu haƙƙinsa cikakke, ta hanyar inshora ko daga aljihunsa. Tuba ba ya sauke wannan. Ya kuma yi sujadar godiya da babu kowa a ciki, don da rai ya salwanta, da maganar diyya da azumin wata biyu a jere muke yi yanzu, kamar yadda aya ta 92 a suratun Nisa'i ta tanada, zaman kurkuku kuma ba ya sauke su.

Kai kuma yayansa, kada ka tozarta shi a cikin jama'a, kada ka yi ta yaɗa labarin a waya har ya isa gida kafin shi. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) wani da ya sha, bayan an hukunta shi wani ya ce Allah ya kunyata ka, sai Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ka raka shi kotu ranar da aka sa, ka ja shi sallar asuba. In an ƙwace lasin, ka riƙe makullin motar a wurinka har wa'adin ya cika, ku nema masa wani aikin da zai ci abinci kafin nan. In an sanya masa na'urar nan, kada kai ko wani ya hura masa ita don motar ta tashi. Laifi ne a dokar jihar, ha'inci ne kuma a addini.

Wallahu a'alam.