Ƙirƙirarriyar basira a ajin zane: ta ina za a fara?

Malama, kin tambaya ko ƙirƙirarriyar basira, wato basirar kwamfuta da ake kira AI, za ta amfani ɗalibanki na zane, ko kashe musu hannu za ta yi. Tana da amfani, amma kada ta riga fensir.

Su fara zana dagin Arewa ko aska takwas a takarda, su ɗauki hotonsa da waya a hasken rana, sannan su loda a manhaja irin ChatGPT su nemi haɗin launi iri 4. Daga nan aikin gaske yake farawa: su gano inda ta ɓata. Zaren dagi yana hawa sama ne ya nutse ƙasa, ita kuwa takan yanke shi, ko ta ƙara yawan asake, domin ɗinkinmu kaɗan ne cikin hotunan da aka horar da ita da su. Ɗalibi ya gyara da hannunsa, makin kuma a ba shi kan gyaran.

In za a buga a takardar A4, hoton na buƙatar ɗigo (pixel, ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2480 a faɗi, 3508 a tsawo; in ya gaza haka sosai, zai dusashe.

Ɗalibin da ya iya wannan zai iya zana wa marina na Ƙofar Mata da masu ɗinkin hula sabon samfur su sayar har ƙetare.