Kada ku ajiye kuɗin da sunansa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya da dare, sai yanzu na samu zama. Kin ce ɗanki mai shekara 16 yana da galahanga, kina shirin nema masa SSI, wato tallafin kuɗi na wata-wata da gwamnatin Amurka ke ba masu lalura marasa ƙarfi, idan ya cika 18, babansa kuma yana son buɗe masa asusun banki ya riƙa tara masa, har ya sa sunansa a inshorar rai ta wurin aiki. Kina tambaya ko hakan ya yi. Don Allah ku dakata tukuna. Wannan ramin mu mun faɗa cikinsa da ƙafa biyu.

Nawa ɗan shekararsa 23 yanzu, a jihar Maryland ta Amurka muke. Tun yana jariri muka buɗe masa asusu, kuɗin suna da barka da sallah duk nan muke zubawa, ba su taka kara sun karya ba. Yana da shekara 20 kakarsa ta sayar da wani fili a gida, ta ce a ba jikanta mai lalura rabonsa tun tana da rai. Muka yi ta godiya, muka zuba a asusun nan. Bayan wasu watanni takarda ta zo: an tsayar da kuɗinsa na wata-wata, kuma sai mun mayar da abin da aka biya shi tun daga watan da kuɗin suka shiga. A cikin mota na karanta ta, a bakin makarantar ƙannensa, har na baya ya fara yi mini hon ban motsa ba. Ba wanda ya cuce mu, mu ne ba mu san doka ba.

Dokar ita ce mai karɓar SSI kada dukiyarsa ta wuce dala 2,000 a ranar ɗaya ga wata. Tun 1989 adadin yake nan, ba a ƙara ko sisi ba. Kuɗin SSI ɗin kansu ba su da yawa, dala 967 ne a wata a 2025. Abin da ya tayar mini da hankali Medicaid ne, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, don a yawancin jihohi a manne take da SSI, kuma ta hanyarta ake biyan mai kula da shi da wurin da yake wuni da rana. Albashina da na babansa a haɗe ba za su ɗauki wannan ba. Ki kuma sani, ko fili aka saya da sunansa a Kano ko Maraɗi, dukiyarsa ce a wajen hukumar SSI, ana lissafawa.

Abin da ya kamata mu yi tun farko shi ne asusun amana na masu buƙata ta musamman, lauyoyi na ce masa SNT. Kuɗin ba sa zama da sunan yaron. Asusun ne ke mallakarsu, wani amintacce ya riƙe, ya riƙa kashewa a kan yaron. Tunda shi ba shi da ikon cewa a ba shi, ba a lissafa su a dukiyarsa.

Iri biyu ne, kuma a nan mutane ke tafka asara. Idan kuɗin sun riga sun zama nasa, kamar gado da ya faɗo da sunansa ko diyyar haɗari, sai a yi wanda dokar 1993 ta tanada. Dole ya kasance bai kai 65 ba lokacin buɗewa, kuma ranar da ya rasu jiha ce za ta fara ɗibar abin da Medicaid ta kashe masa kafin 'yan'uwa su ga komai. Idan kuwa kuɗin naku ne, na iyaye ko kakanni, ba su taɓa shiga hannunsa ba, to babu wannan biyan. Abin da ya rage sai ya tafi wurin waɗanda kuka rubuta. Kuɗi ɗaya ne, niyya ɗaya, amma don mun bari sun kwana a asusunsa suka koma na farkon. Kuɗin kaka muka sa a asusun haɗaka, irin wanda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke gudanarwa, don ba su kai a ɗauki lauya a kansu ba. Daga baya muka yi namu na iyaye daban. Kada ki taɓa cakuɗa su.

Babansa ya fi wata uku yana ja, yana cewa wannan ai hana yaro gadonsa ne, Allah ya riga ya raba. Gaskiyarsa ne ya ji tsoro. Muka je wurin limaminmu, ya buɗe mana aya ta 5 a Suratun Nisa'i, inda aka ce kada a danƙa dukiya ga wanda ba zai iya sarrafa ta ba, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta. Ya ce rabonsa na nan yadda shari'a ta yanka, mai riƙo kawai aka naɗa masa. Sai muka sa lauya ya rubuta a wasiyyarmu cewa kasonsa ya wuce kai tsaye cikin asusun amanar, abin da ya rage bayan ransa kuma a raba wa magadansa bisa shari'a. Idan kuna son ba shi fiye da kasonsa saboda lalurarsa, ku tambayi malami, don akwai maganar ba a yi wa magaji wasiyya. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, abin da muka yi nake faɗa.

Kashe kuɗin ma sai da koyo. Ba a miƙa masa tsaba a hannu, in ba haka ba a zabge daga SSI ɗinsa. Mai riƙo ne ke biyan mai kaya kai tsaye: waya, kwamfuta, likitan haƙori, kuɗin koyon ninƙaya, tikitin jirgi. Abinci an daina lissafa shi tun ƙarshen Satumban 2024, amma haya da wuta da ruwa har yanzu suna rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka muka buɗe masa asusun ABLE, wato asusun ajiya na masu lalura wanda dokar 2014 ta kawo. Dala 100,000 na farko a ciki ba sa taɓa SSI, ana iya zuba har 19,000 a shekara a 2025, kuma ana biyan haya da shi muddin an kashe a watan da aka cira. Yana da katinsa, ran Asabar ya shiga shago ya sayi abin da yake so da hannunsa. Ki ga yadda yake riƙe katin nan kamar lasisin tuƙi.

Takarda ba ta da wuya, lauya ya gama ta a zama biyu. Zaɓen mai riƙo ne ya hana ni barci. Na so in sa yayana da ke gida, don babu wanda na yarda da shi kamarsa. Lauya ya ce idan mai yanke shawara yana wajen Amurka, hukumar haraji na iya ɗaukar asusun a matsayin na ƙetare, wannan kuma wani ciwon kai ne. Ga shi aikin na buƙatar mai ajiye rasit, mai amsa takardu a kan lokaci. 'Yata ta biyu na da hankali, amma shekararta 20, ban ga dalilin ɗora mata kayan yayanta ita kaɗai har tsufanta ba. A ƙarshe ni da babansa ne yanzu, bayanmu ita tare da wata ƙungiya da ta san aikin. Mu Hausawa mun saba cewa ai 'yan'uwansa ba za su yar da shi ba. Haka ne. Amma idan kuɗin na asusun ƙanwarsa, ranar da aurenta ya mutu ko bashi ya hau ta, kotu ba ta san amanar baki ba.

Tunda na san za ki so kai shi gida hutu: idan ya yi kwana 30 a jere a wajen ƙasar SSI na tsayawa, sai ya dawo ya sake cika kwana 30 kafin a ci gaba. Mu mako uku muke yi mu juyo.

Akwai kuma wata takarda da ba ta kotu ba, wadda na rubuta da hannuna don mai riƙo na gaba. A ciki na sa cewa ba ya cin tuwo sai da cokali, ƙarar injin aski na firgita shi sai dai almakashi, kuma idan ya fara maimaita kalma ɗaya to wani wuri ne ke masa ciwo. Duk bayan azumi nake sabunta ta.

Ki nemi lauyan da wannan ne aikinsa a jiharku, don dokokin Medicaid sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Kafin nan ki ce wa babansa ya duba fom ɗin inshorar da na kuɗin ritaya, don sunan da ke kan fom shi ake bi, ba wasiyya ba. Kakanni ma ki kira su ki yi musu bayani a hankali, tun kafin wani ya yi muku irin alherin da aka yi mana.