Shin Jarrabawa Tana Iya Fin Ƙarfin Mumini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. 'Yan bindiga sun kashe maigidana a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, kuma ban fita takaba ba ɗanmu na fari ya rasu bayan gajeriyar jinya. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce mini Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ɗauka ba, alhali ni ina jin abin ya fi ƙarfina: barci ya ƙaurace mini, kuka kuma ya ƙi tsayawa. Shin wannan alama ce ta raunin imanina? Daga wata baiwar Allah, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa yaron ya zama mai ceto a gare ku, ya kuma sanyaya miki zuciya.

'Yar'uwa, ayar da ake karanta miki gaskiya ce, ita ce ta 286 a Suratul Baƙara, amma masu ta'aziyya sukan ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa da aya ta 284 ta sauka, wadda ta ce Allah zai yi hisabi a kan abin da ke cikin zukata, sahabbai sun durƙusa a gaban Manzon Allah (SAW) suna cewa sallah da azumi da jihadi da sadaka suna iyawa, amma wannan ba su da ikonsa. Da suka ce sun ji sun bi, sai sassauci ya sauka. Ke nan ayar tana magana ne a kan abin da aka wajabta wa bawa kuma za a tambaye shi a kansa. Ba ta yi alkawarin cewa masifa ba za ta girgiza mumini ba, domin a cikinta ne aka koya mana roƙon kada Allah ya ɗora mana abin da ba mu da ikon ɗauka.

Ki dubi Annabi Yaƙub, wanda ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, amma idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Nana Maryam, da naƙuda ta kama ta a gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma abin da ya biyo baya lallashi ne da ruwa da ɗanyen dabino. Ammar ɗan Yasir, wanda aka kashe iyayensa da azaba a Makka, ya kai ga furta kalmar da kafirai suka tilasta masa, sai aya ta 106 a Suratun Nahli ta wanke shi saboda zuciyarsa tana natse da imani. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Iyakar da shari'a ta sa miki ita ce ki kiyaye harshe daga tuhumar Allah, ki guji marin fuska da yaga tufafi. Hawaye da rashin barci ba ki da iko a kansu, saboda haka ayar da ke tsorata ki ita ce ta ɗauke miki laifinsu. Yana damuna ƙwarai in ga ana mayar da ayar rahama abin rufe bakin wanda aka yi wa rashi.

Kada ki zauna da wannan ke kaɗai. Ki nemi wata babbar mace a danginki ta riƙa kwana tare da ke, kuma idan rashin barci ya ci gaba, ko kika daina cin abinci, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki je asibiti ki ga likita ba tare da jinkiri ba, domin takaba ba ta hana fita neman magani. Allah ne mafi sani.