Tambaya da Amsa: Likitan da ya gama makaranta, me zai yi da bita?

TAMBAYA: Na kai ɗana asibiti da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sai aka ce mini likitan yara ya tafi bita, sai bayan kwana uku. Mutumin da ya shafe shekara shida a jami'a, wane karatu kuma ya rage masa da zai bar marasa lafiya? Daga wani mahaifi a Kano.

AMSA: Malam, Allah Ya ba yaro lafiya. Kana da gaskiya a ɓangare ɗaya, domin duk asibitin da zai tura likitansa bita, wajibi ne ya tanadi wanda zai riƙe masa aiki. Amma ita bitar ba yawon buɗe ido ba ce. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, wato MDCN, tana buƙatar likita ya nuna shaidar ƙarin ilimi kafin ta sabunta masa lasisinsa na shekara, haka ma hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma take yi wa nata mutanen.

Dalili kuwa shi ne, a fannin cututtukan yara masu yaɗuwa, abin da aka koya a aji yakan tsufa tun likitan bai tsufa ba. Wanda ya kammala karatu a shekarun 1990 an koya masa kulorokwin ne don zazzaɓin cizon sauro, alhali Najeriya ta ajiye shi a 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Allurar kwinin da aka daɗe ana dogaro da ita idan zazzaɓin ya yi tsanani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita artesunate a kanta ga yara a 2011, bayan bincike ya nuna ya fi ceton rai. Rigakafin gudawa ta rotavirus a 2022 ya shiga jerin rigakafin yara na gwamnati a ƙasar nan, na zazzaɓin cizon sauro kuma sai a Disamban 2024 aka fara shi a Kebbi da Bayelsa.

Tun da ka ambaci maƙogwaro, bari mu tsaya a kan mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi jin jiki. Kafin lokacin, matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san shi, saboda haka abu ne mai sauƙi su ɗauke shi a matsayin ciwon maƙogwaro na yau da kullum, su rubuta magani su sallami yaro ya koma cikin 'yan'uwansa. A wajen horo ne ake nuna wa ma'aikaci ya haska fitila ya nemi wata yana mai ruwan toka da ta manne a maƙogwaro, wadda kan yi jini idan aka kankare ta, ya shafa wuya ya ji ko ya kumbura, ya killace yaron, sannan ya nemo allurar da ke karya dafin cutar ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, domin dafin ne ke taɓa zuciya.

Ba za mu ɓoye ba, akwai masu zuwa bita don alawus da takardar shaida kawai, kuma sau da yawa ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye, wanda shi ne ke fara ganin yaro, shi ake mantawa wajen gayyata.

Game da ɗanka, kada ka jira kwana ukun. Idan wuyansa ya kumbura, ko numfashinsa yana ƙara, ko ya kasa haɗiye ruwa, ka kai shi sashen gaggawa na yara a babban asibiti yau ɗin nan, ka kuma tafi da katin rigakafinsa.